Neman haihuwa: shin irin kwanciyar da aka yi da ɗaga ƙafa bayan saduwa na sa a ɗauki ciki?

Idan aure ya kai shekara amarya ba ta fara laulayi ba, shawarwari kan fara zuwa ta ko'ina. Uwar miji da tata, ƙawaye da tasu, abokan ango a majalisa da tasu, ga kuma masu tallar magani da lasifika a bakin tasha. Daga Kujama zuwa Kachia har Kafanchan, haka daga Sabo a Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, kusan magana ɗaya ake maimaitawa. Wai mace ta kwanta rigingine, ta sa filo a ƙarƙashin ƙugunta, in an gama ta ɗaga ƙafafu ta jingina su da bango, kada ta tashi, kada ta yi fitsari, kada ta taɓa ruwa sai gari ya waye. Wasu sukan ƙara da cewa in mace ce a sama ciki ba zai shiga ba, ko kuma kwanciya ta gefen dama ɗa namiji take bayarwa, ta hagu kuma mace.

A yi haƙuri da wasu kalmomin da za a gani a nan, magana ce ta ma'aurata, kuma in aka yi ta kwana-kwana ba za a fahimta ba.

Amsar likitoci a taƙaice ita ce: babu wata irin kwanciya da aka tabbatar ta fi wata sa ciki, matuƙar maniyyi ya zuba a cikin gaban mace. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ASRM, ta faɗi haka a bayanin da ta fitar kan neman ciki a 2017, ta sake nanatawa a 2022. Abin da ya fi tasiri shi ne ranar da aka sadu da kuma yawan saduwar. Wannan kuwa shi ne daidai inda mu mutanen da ke neman abinci a kudu, iyali na gida Arewa, muka fi samun matsala.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ruwan da namiji ke fitarwa ba shi da yawa, galibi bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Amma a cikinsa akwai ƙwayoyin haihuwa miliyoyi. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana ganin maniyyi na cikin sahun lafiyayye idan ya kai mililita 1.4, kowace mililita na da ƙwayoyi miliyan 16 ko fiye, jimilla miliyan 39 zuwa sama. Maza da yawa suna fitar da ninkin wannan. A cikin duk wannan runduna ƙwaya ɗaya tak ake buƙata ta haɗu da ƙwan mace.

Ruwan yana sauka ne a ƙarshen farji, dab da bakin mahaifa. Daga nan ƙwayoyin za su shiga cikin wata majina da ke bakin mahaifar, su ratsa mahaifa, su hau cikin ɗaya daga cikin siraran hanyoyi biyu da ƙwan mace ke biyowa. A can ne ake haɗuwa, ba a cikin mahaifa ba. Sai bayan kwana shida zuwa goma ƙwan da aka haɗu da shi yake gangarowa ya manne a bangon mahaifa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne saurin tafiyar. A cikin daƙiƙoƙi ƙwayoyin farko sun riga sun shige bakin mahaifa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1973 ya samu ƙwayoyin maniyyi a cikin hanyar ƙwai minti biyar bayan an zuba su. A 1996 kuma wasu likitoci a Jamus suka yi wani gwaji mai ban mamaki: suka ajiye wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi marasa rai, masu girman ƙwayar maniyyi, a bakin mahaifar mata, suna bin su da na'urar ɗaukar hoto. Cikin minti ɗaya wasu sun kai bakin hanyar ƙwai, kuma mafi yawa sun nufi ɓangaren da ƙwai ke shirin fitowa. Abin da ba shi da rai ai ba ya iyo. Kenan mahaifar ce da kanta take motsi tana jan su sama. To ka ga wannan aiki ba ruwansa da ko mace na kwance ko tana zaune. Mahaifa ba kwalba ba ce da in ka kifa ta abin ciki zai tsiyaye.

Mu da muka tashi a gidan fataucin shanu mun ga misalin wannan tun muna yara. Saniya a tsaye ake yi mata barbara, bijimi ya hau cikin 'yan daƙiƙoƙi ya sauka, ita kuma ta ci gaba da kiwonta. Babu Bafulatanin da ya taɓa kayar da saniya ya ɗaga mata ƙafa don ta ɗauki ciki. Abin da makiyayi ke sa wa ido shi ne ranar da take nema, wanda ke zagayowa kusan duk kwana 21, kuma bai cika wuce yini guda ba. In ranar ta kuɓuce sai a jira wani zagayen. Ko a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, inda ake yi wa shanu barbara da sirinji, a tsaye ake yi, kuma lokacin nema ake fako. Ɗan'adam ba dabba ba ne, halittar jikin ma ta bambanta, amma a wannan gaɓa ta lokaci lissafin ɗaya ne.

Ruwan da ke dawowa waje

Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa mata hankali. Mace ta tashi ta ga ruwa na biyo ta, sai ta ce shi kenan, mahaifarta ba ta riƙe maniyyi. Akwai masu magani da ke cin kasuwa da wannan tsoro, su ce wai mahaifa ce ta buɗe ko sanyi ne ke turo shi waje, su sayar da gari ko tsimi.

Dawowar ruwan nan ba ciwo ba ne. Yana faruwa ga kusan kowace mace, har wadda ta haifi goma. Maniyyi na fitowa ne da kauri, bayan kamar minti 15 zuwa 30 sai ya tsinke ya zama ruwa. Mafi yawan abin da ake gani ruwa ne da ya yi dakon ƙwayoyin, ƙwayoyin kansu kaso kaɗan ne a ciki. Masu ƙarfin sun riga sun shige majinar bakin mahaifa, inda suke iya zama da rai har kwana biyar. Waɗanda suka rage a farji kuwa ba sa daɗewa, domin wurin na da tsami, cikin 'yan sa'o'i sun mutu ko da mace ta kwana da ƙafa a sama.

Ire-iren kwanciya

Kwanciyar da aka fi yabawa ita ce mace ta yi rigingine miji na sama. Sai kuma ta goho, inda miji ke zuwa ta baya amma ta hanyar haihuwa. Hujjar masu yabon ita ce waɗannan biyun sun fi kai namiji kusa da bakin mahaifa. A 1999 wata mujallar likitoci ta Ingila ta wallafa hotunan da aka ɗauka da na'urar MRI a garin Groningen na ƙasar Holan, waɗanda suka nuna lallai a kwanciyar rigingine gaban namiji na kaiwa har kusa da bakin mahaifa. Sai dai hoton ya nuna inda aka kai ne kawai. Bai nuna cewa masu yin haka sun fi wasu samun ciki ba.

Mace a sama, kwanciyar gefe, zaune, duk ana samun ciki da su. In da a ce tsayuwa ko zaman mace a sama na hana ciki, da tuni ya zama hanyar tazarar haihuwa, an huta da allura da ƙwaya. Ma'aikatan lafiya ma gargaɗi suke yi cewa kada wanda ba ya son ciki ya dogara da wannan.

Malamai sun san asalin irin wannan camfi tun da daɗewa. A cikin Buhari da Muslim an ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Yahudawan Madina na cewa idan mutum ya zo wa matarsa ta baya, ɗan da za a haifa zai zo da harara-garke. A kan haka ne aya ta 223 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta ba ma'aurata damar kowane irin yanayi, da sharaɗin ya kasance ta inda ake haihuwa. Abin da aka hana shi ne dubura da kuma saduwa lokacin haila. Ta dubura dama ba a samun ciki.

Akwai matan da aka yi wa sikanin aka ce musu mahaifarsu ta karkata baya. Kusan mace ɗaya cikin biyar haka Allah ya halicce ta, kamar yadda wani ke bahago. Karkatar ita kaɗai ba ta hana ciki. Ana yawan ce wa irin waɗannan mata su yi goho ko su kwanta rub da ciki bayan saduwa. Ba laifi in sun fi jin daɗin haka, amma ba magani ba ne. Inda abin ke zama matsala shi ne in wani ciwo ne ya ja mahaifar ya manne ta baya, kuma alamarsa ita ce zafi mai tsanani lokacin al'ada ko lokacin saduwa.

A nan ne sauya kwanciya ke da amfani na gaske. Idan mace na jin zafi, ko miji na da ciwon baya ko ƙaton tumbi, su nemi yanayin da ya fi musu sauƙi, domin wanda ke shan wuya a abu ba zai riƙa yawan yin sa ba. Zafin da ba ya tafiya kuwa, musamman can ciki, na asibiti ne.

Ana kuma tambaya ko dole sai mace ta gamsu kafin ciki ya shiga. Ba dole ba ne. Ƙwan mace na fitowa ne a kan lokacinsa na wata, ba ya jiran gamsuwa. Amma kada wani ya riƙe wannan hujja ya riƙa sauka ya juya baya, gamsar da ita haƙƙinta ne. Haka shi ma mai saurin kawowa, in dai a ciki ya zuba, saurin ba ya hana shi haihuwa.

Kwanciya bayan an gama

Maganar a kwanta minti 15 tana da ɗan tushe, amma daga asibiti ta fito. Akwai wani aiki da likitoci ke kira IUI, inda ake wanke maniyyin miji a zuba shi cikin mahaifa da siririn bututu. A 2009 likitoci a Holan suka raba ma'aurata 391 gida biyu: wasu matan su kwanta minti 15 bayan aikin, wasu su tashi nan take. Masu kwanciya kashi 27 cikin 100 suka samu ciki, masu tashi kashi 18. Labarin ya zagaya duniya. Sai dai bayan wasu shekaru wasu likitocin a birnin Amsterdam suka maimaita gwajin da mata kusan 500, aka wallafa a 2017, sakamakon ya juye: masu tashi nan take wajen kashi 40, masu kwanciya wajen kashi 32. Bambancin bai kai a ce tashi ya fi ba, amma ya rushe maganar cewa kwanciya ce sirrin. Kuma duka biyun a kan aikin asibiti aka yi su, ba saduwar gida ba.

A ganina, mace ta ɗan kwanta minti goma ko sha biyar ba ya cutar da kowa, ba a biyan ko kwabo, kuma lokaci ne na hira tsakanin miji da mata. Wadda hankalinta ya fi kwanciya da haka ta yi. Amma jingina ƙafa da bango na awa guda, ko tsayuwa da ka, wahala ce kawai. Abin da ya fi muni shi ne a mayar da shi abin zargi, wata ya wuce ba ciki miji ya ce ai ke ce kika tashi da wuri.

Fitsari da wankan janaba

Hanyar fitsari daban, hanyar haihuwa daban. Ƙofofi biyu ne a jikin mace, don haka fitsari ba ya wanke maniyyi. Likitoci ma shawara suke ba matan da ke yawan fama da ciwon mafitsara su riƙa yin fitsari bayan saduwa. Matse fitsari har safe don neman ciki ba shi da wani amfani.

Wanka ma haka. Zuba ruwa a jiki da wanke gaba daga waje ba ya kaiwa inda ƙwayoyin suka shiga. Wadda ta so ta yi wankan janaba nan take ta yi, wadda ta so ta jinkirta zuwa asuba addini ya ba da dama, an dai so a yi alwala kafin a yi barci. Babu dalilin da zai sa a bar sallar asuba ta wuce wai ana jiran ciki ya zauna.

Abin da za a guje wa shi ne wanke can ciki, wato tura ruwa da yatsa ko roba, balle a haɗa da sabulu, Dettol, gishiri ko lemun tsami. Wannan na kashe ƙwayoyin da ke kare wurin, ya buɗe ƙofa ga cuta ta hau sama.

Namiji ko mace

Wannan kam a taƙaice. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum. Ƙwayoyin namiji ne iri biyu, wadda ta riga shiga ita ke sa a samu namiji ko mace. Wani likita a Amurka mai suna Shettles ya yaɗa ra'ayin cewa da lokaci da irin kwanciya ana iya zaɓa, tun shekarun 1960. Binciken da ya biyo baya bai gaskata shi ba. Duk wanda ya ba ka dabara, rabin mutanen da suka bi za su samu abin da suke so ko da ba su bi ba, sai su yi ta yabonsa. Mai sakin mace ko yi mata kishiya don tana haifar 'ya'ya mata kuwa, ya sani daga jikinsa abin ya fito.

Ranakun da ciki ke shiga

Ƙwan mace na fita sau ɗaya a wata, kuma ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai. Ƙwayoyin namiji su ne ke iya jira har kwana biyar. In ka haɗa, kwana shida ne kacal a wata ciki ke iya shiga: kwana biyar kafin ƙwai ya fito, da ranar fitowarsa. An tabbatar da wannan a wani sanannen bincike da aka wallafa a 1995, wanda aka bi mata 221 a jihar North Carolina ta Amurka. Duk cikin da aka samu daga saduwar waɗannan kwana shida ne. Kwana biyar kafin fitar ƙwai damar ta kai kamar ɗaya cikin goma, a kwanakin ƙarshe ta hau zuwa ɗaya cikin uku. Washegarin fitar ƙwai kuwa ƙofa ta rufe.

Yadda ake lissafi: ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta ɗaya. Ƙwai na fita kusan kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Mai ganin al'ada duk kwana 28, ƙwanta na fita wajen rana ta 14, kwanakinta su ne daga ta 9 zuwa ta 14. Mai kwana 32, wajen rana ta 18, wato daga ta 13 zuwa ta 18. Mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10 ne, kenan tana yin wankan tsarki ta riga ta shiga kwanakinta. Lissafin kan goce da kwana biyu ko uku ko ga mai al'ada a tsare, don haka a haɗa da alamar jiki. Idan lokacin ya matso mace za ta ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Mata da yawa na ɗaukar sa sanyi ne su je su sayi magani, alhali shi ne alamar ƙofa a buɗe take. Na sanyi yakan zo da ƙaiƙayi, wari ko sauyin launi. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari a manyan kemis da ke nuna ƙwai zai fita cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ga waɗanda ke zaune tare ba sai an wahala da lissafi ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon wata ta wadatar. Kullum ma ba laifi ga mai iyawa. Tara maniyyi na mako biyu ko uku wai don ya yi ƙarfi kuskure ne, yawan na ƙaruwa amma tsofaffin ƙwayoyi ba su da kuzari.

Yanzu ga tamu matsalar. Mutum na Kara a bakin Legas, ko Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abiya, ko yana canji ko sayar da gwari a Fatakwal, matarsa na Kujama ko Zonkwa. Ya zo gida ya kwana uku ya koma. A lissafa: in al'adarta ta kwana 28 ce, kuma zuwansa bai da alaƙa da kwanakinta, damar kwana ukun nan su taɓa kwana shidan ita ce 8 cikin 28, bai kai ɗaya cikin uku ba. Ko da duk wata yake zuwa, a shekara sau uku ko huɗu ne kawai ya dace da lokaci, kuma ko an dace ba kowane wata ake samu ba, domin lafiyayyun matasa ma damarsu a wata ɗaya kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ce. In kuwa ƙarshen wata yake zuwa kullum, ita kuma al'adarta na bin kwana 30, zai iya shekara yana sauka a ranakun da ba su ba. Mai zuwa sallah-sallah kam ba a magana. Sai a wayi gari dangi na kiran yarinya juya, ana kai ta wurin masu magani, ana shirin yi mata kishiya, alhali sau nawa ma aka ba ta dama?

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Matar ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo na wata uku, a takarda ko a waya, ta faɗa wa mijin. Shi kuma ya tsara tafiyarsa ya sauka kwana biyu ko uku kafin ranar da ake sa ran fitar ƙwai, ya yi kwana biyar zuwa mako. Mai iya lissafin ranar da tirela za ta tashi daga Arewa ta riski kasuwa a kudu ba zai kasa wannan ba. In hali ya yi, ya ɗauko ta su zauna tare na wata uku ko huɗu, wannan ya fi komai. Kunya ce kawai ke hana miji tambayar matarsa ranar al'adarta, kuma kunyar nan ta kashe aure da yawa.

Gidan da ke da mata fiye da ɗaya ma akwai lissafi. Mata biyu masu kwana bibbiyu ba matsala. Amma mata huɗu a kwana bibbiyu, kowace sai ta yi dare shida ba ta ga miji ba, kwanakinta masu kyau na iya faɗawa cikin wannan tazara. Ana iya komawa kwana ɗaiɗai, ko a nemi musayar kwana da yardar abokiyar zama. Kyautar kwana na da asali, Nana Saudatu ta bar wa Nana A'isha nata. Sharaɗin dai yarda, ba fin ƙarfi ba.

Abubuwan da ake shafawa da cusawa

Mutane na damuwa da filo, su manta da abin da ke taɓa maniyyin kai tsaye. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yawu, man zaitun da wasu mayukan santsi na kemis suna rage wa ƙwayoyin maniyyi motsi. Mai neman ciki ya fi kyau ya ba wasa lokaci har jikin mace ya kawo nasa ruwan.

Sai kayan mata na matsi. Duk abin da aikinsa shi ne ya busar da gaba ko ya tsuke shi, irin su alif da garin da ba a san haɗinsa ba, yana yaƙi ne da majinar da ƙwayoyin ke bi su shiga. Wasu na ƙona fatar ciki su bar tabo. Yankan gishiri da ake yi wa wasu mata a ƙauye da sunan buɗe hanya shi ma ba ya kawo haihuwa, yana cikin abubuwan da likitoci a Arewa suka daɗe suna lissafawa a sanadin yoyon fitsari.

Lokacin zuwa asibiti

A cewar hukumar NICE, fiye da 80 cikin 100 na ma'auratan da ke saduwa a kai a kai, matar ba ta kai 40 ba, suna samun ciki cikin shekara guda, rabin sauran kuma a shekara ta biyu. Saboda haka wata shida ba jinkiri ba ne. In an cika shekara ana tare ba tsarin iyali, a je. In matar ta haura 35, wata shida ya isa. Kada a jira ko kaɗan idan al'ada na tsallake watanni, ko akwai ciwon mara mai tsanani, ko an taɓa yin ɓari da ya zo da zazzaɓi, ko an taɓa yi wa mijin aiki a maraina. Wadda ta daina allurar tazara ta wata uku kuma ta sani jikinta na iya ɗaukar watanni, har kusan shekara, kafin ya koma daidai, haka mai shayarwa.

Abin ba na mutum ɗaya ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a ciki. A nan Afirka babban sanadi a ɓangaren mata shi ne toshewar hanyar ƙwai, wadda ciwon sanyi na saduwa da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko cutar bayan haihuwa da ɓari, ke haddasawa. In hanya ta toshe ko shekara aka yi da ƙafa a bango ba abin da zai wuce. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mazan da ke daɗewa a bariki, sau da yawa mu ke kai cutar gida. In za a yi magani tare ake yi, miji da duk matansa, in ba haka ba ta riƙa zagayawa.

Taba, wiwi, giya da tiramadol duk suna raunana maniyyi, haka zafi mai yawa a maraina, abin da ya shafi direbobin dogon zango. Jiki na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, don haka wanda ya daina yau sai bayan wata uku zai ga canji a gwaji. Mace mai neman ciki kuma ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 a rana, tun kafin cikin ya shiga, yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa.

A gida akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, wanda ya fi kusa da mutanen Kujama, da tsohon Asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan, wanda ya koma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A kudu akwai UCH a Ibadan, ba nisa da Sabo, da LUTH da ke cikin Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja ga mutanen Agege, da UBTH a Benin, da UPTH a Fatakwal. A nemi sashen mata da haihuwa, a tafi da takardar ranakun al'ada.

Gwajin namiji shi ya fi sauƙi da araha, don haka da shi ya kamata a fara, kuma mutum na iya yin nasa a garin da yake ba sai ya jira ya koma gida ba. Ana ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a zuba ruwan gaba ɗaya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba, a kai cikin awa ɗaya ba tare da ya sha rana ko sanyi ba. In sakamakon farko bai yi kyau ba, akan maimaita bayan wata uku kafin a yanke hukunci, musamman in mutum ya yi zazzaɓi mai zafi kwanan baya. Ita kuma matar za a duba jininta, a yi mata sikanin, sannan hoton hanyar ƙwai da ake kira HSG, wanda ake yi bayan ɗaukewar al'ada kafin ranar fitar ƙwai.